Ranar Da Na Ɗanɗana Sobiyar Surukata

Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan surukata a unguwar Misfala da ke Makka ban taɓa taka ƙofar kicin ɗinta ba. Ba hana ni aka yi ba. Kunya ce irin tamu, wadda ko teku aka haye sai ta biyo mutum. Ba na cin abinci a gabanta, ba na shan ruwa tana kallo, in muka yi kiciɓis a matakala sai in raɓe jikin bango in durƙusa in gaishe ta. Ni ina ce mata Hajiya, ita tana ce mini Malam, alhali karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba.

Umra na zo na maƙale, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. Ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Aikina tura keken tsofaffi da marasa lafiya, in lokacin Hajji ya zo kuma in tafi Arfa in yi shara da ɗaukar kaya. Ita kuwa Hajiya a Makka aka haife ta, mahaifinta da ƙafa ya iso daga ƙasar Katsina. Tana da takardunta, tana da gidanta siriri mai hawa uku. Da ta ce za ta ba ni 'yarta, danginta sun yi ca a kanta, suka ce ina ita ina ɗan tura keke wanda ko gobe za a iya kama shi a jefa jirgi. Ta ce musu shekara biyu tana ganina ta taga ina wucewa sallar asuba, kuma mutumin da ba ya fashin asuba ba shi da wani datti a ɓoye. Matata ce ta ba ni wannan labari bayan aure, tana dariya, tana jin daɗin uwarta ta iya zaɓe. Ni ma na yi dariyar, amma daga ranar maganar ta zauna mini a ƙirji, don ina da dattin.

Ina ɗan shekara ashirin na sami aiki a wani kulob a Jos, irin wanda tsofaffin Turawan kuza suka bari. Da wankin kofuna na fara. Akwai wani tsohon Bature mai kula da ɗakin kwalabe, mutum mai faɗa da son koyarwa, wanda ya lura hancina yana da kaifi, don ni nake fara jin madara ta lalace tun ba a buɗe firji ba. Sai ya jawo ni jikinsa. Wata rana aka kawo masa akwatin wata jar giya mai zaƙi ta ƙasar Fotugal, su suna ce mata fot, kowace kwalba da shekarar da aka tsinki inabinta a rubuce. Ya buɗe ɗaya, ya ce ba don sha ba, don a san abin da za ta zama. Ya ce wannan jaririya ce, sai ta yi shekara ashirin a kwance kafin ta yi hankali, kuma gwanin gaske shi ne wanda zai ɗanɗana ta yau ya faɗi yadda za ta kasance ranar da shi kansa ya mutu.

Ya koya mini a karkata kofi a kan farin ƙyalle a duba launi. A juya shi a hankali a sa hanci. A kurɓi kaɗan a riƙe a baki, a bar zaƙin ya wuce a jira abin da ke bayansa, ɗumin da ke hawa ganɗa da kuma damƙar da take yi wa dasashi kamar an tauna ɗanyen dabino. Daga nan a tofar a bokiti. Shi yana tofarwa. Ni ranar da ya juya baya na haɗiye, kuma shekara bakwai na yi ban daina haɗiyewa ba. Na sha mai tsada, na sha ta tukunya a bayan kasuwa, na kwana a kwata, mahaifiyata ta rasu ina buge ban samu jana'izarta ba. Abin da ya kawo ni Makka ke nan. Na tuba a nan, kuma ban faɗa wa kowa ba, har matar da ta haifa mini 'ya'ya huɗu.

Sana'ar Hajiya da azumi sobiya ce. Wanda bai zauna Makka ba ba zai gane yadda mutanen garin suke da ita ba. Abin sha ne mai sanyi da ake buɗe baki da shi, akwai fara ta sha'ir, akwai ja, akwai kuma ta zabibi, wato busasshen inabi, wadda ita ce Hajiya ta yi suna a kanta. Ana jiƙa zabibin a markaɗa, a zuba kirfa da sukari da kayan ƙamshi, a rufe a bar shi ya kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu, sannan a tace a sa ƙanƙara. Kwanan nan shi ne sirrin, shi ke ba ta ɗan cizon da mutane suke so. Ni tun farko na ce musu zabibi yana tayar mini da ciki, aka bar ni da ruwa da dabino. Nawa aikin in sauko da ledojin da aka riga aka ɗaure daga hawa na uku zuwa ƙofa, ina numfashi ta baki.

Shekarar da nake magana azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. Wani ɗan kasuwa a unguwar Ka'akiyya ya aiko yana son durom guda na ta zabibi, zai yi wa mahaifinsa marigayi sadaka, a raba wa leburori a ƙofar masallaci da magariba. Hajiya ta jiƙa baƙin zabibi mai zaƙi da aka kawo mata daga Yaman. Ana gobe za a kai, mutumin ya aiko cewa a ɗaga masa da kwana biyu, 'yan uwansa ba su iso ba. A ranar kuma firizar Hajiya ta mutu, mai gyara ya ce sai ya samo wani ƙarfe. Durom ɗin ya zauna a ɗan ɗakin da ke saman bene, rufe, rana tana dukan rufin tun safe har yamma, kwana huɗu cur.

Ban san duk wannan ba sai daga baya. Abin da na sani shi ne bayan azahar ina kwance a gaban fanka matata ta leƙo.

"Abban yara, Ummi ta ce ka taimaka ka sauko mata da durom, yayana ya tafi Jidda. Yalla, yi sauri, motar mutumin da la'asar za ta zo."

Na hau. Ɗakin kamar tanda. Murfin robar durom ɗin ya ɗan kumbura, na sa hannu don in gyara shi kafin in ɗaga, sai ya yi wani ɗan huci, iska ta fito ta bugi fuskata.

Shekara goma sha bakwai rabona da wannan ƙamshi, amma ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauke ni ba na gane shi. Yawu ya cika mini baki, ni mai azumi, a Makka, Harami yana nan ƙasa da mu tafiyar ƙafa. Na mayar da murfin na danne da tafin hannu biyu kamar wanda ya rufe maciji a kwando.

Gaskiya ba tsoron Allah ne ya fara zo mini ba, dabara ce. Na ce to, in ina saukowa da shi sai in yi tuntuɓe a matakala ya kife, a ce tsautsayi. Amma matakalar gidan ta cikin gida take bi, ƙamshin zai cika hawa uku ya fita titi, maƙwabta su ji, ni kuma mutum ne da ko tambayar sunana ɗan sanda ya yi na shiga uku. Na ce to in ce na ga tsaka ta faɗa ciki. Na ce to in yi shiru kawai, ni me ya dame ni, an ce in ɗauko durom na ɗauko. Wataƙila ma hancina ne ke mini ƙarya, hancin tsohon mashayi ko turare ya ji sai ya fassara shi da abin da yake marmari. Duk wannan na saƙa shi ina rungume da durom, ina saukowa taki ɗaya ɗaya, ruwan yana motsi a jikin ƙirjina.

Na ajiye a ƙofar kicin na juya zan gudu. Hajiya ta ce, "Shigo da shi ciki mana, Malam, ma'alesh, yi haƙuri, yau babu kunya, bayana ba ya ɗaukar nauyi." Haka na shiga kicin ɗinta karo na farko. Ta buɗe, ta sa ludayi ta motsa, ta ɗiga a tafin hannu ta taɓa da harshe ta tofar a wurin wanke-wanke, yadda take yi kullum da azumi. Ta ɗan yamutsa fuska, sannan ta gyaɗa kai.

"Ta yi ƙarfi shwayya, ɗan kaɗan. Ba komai, leburori sun fi son mai cizo. Ya binti, 'yata, kawo sukari da ƙanƙara."

Matata ma ta taɓa da harshe ta ce, "Wallahi Ummi ta yi daɗi, ta fi ta kullum ƙamshi."

Na dube su su biyun, sai tausayi da haushi suka kama ni lokaci ɗaya. Mata biyu da aka haifa a Makka, ba su taɓa ganin kwalbar giya da idonsu ba, balle su san warinta. A wurinsu giya wata aba ce ta cikin wa'azi, baƙa, mai ɗoyi, wadda kafirai ke sha a ƙasashe masu nisa. Ba za su taɓa kawowa a ransu za ta iya fitowa daga zabibin da suka wanke da hannunsu suka yi bisimilla a kansa ba. A duk gidan nan, kai a duk layin nan, mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikin durom ɗin, kuma ba shi da hanyar faɗa sai ya faɗi inda ya koya.

Na gwada dabarar tsakar nan. Na ce, "Hajiya, kamar fa na ga wani abu ya faɗa ciki a sama." Ta ce, "A rufe yake, me zai faɗa?" Ta zura rariya ta kewaya har ƙasa ta ɗago, babu komai sai ɓawon kirfa. Ta dube ni ta gefen ido. "Malam, zafi ne ya taɓa ka? Je ka kwanta."

Da na tafi na kwanta da shi ke nan. Har na kai ƙofa. Sai na hango ƙofar masallacin nan a raina, mutane a jere a kan tabarma da kayan aiki, tun asuba ba su sa ko ɗigo a baki ba, ciki babu komai, kowa ya ɗaga kofi ya shanye ya miƙa a ƙara masa, sannan su tashi su yi sahu. Na san abin da kofi uku na wannan zai yi wa cikin da ya wuni fayau. Na san shi a jikina. Na juyo.

"Hajiya, a ba ni in ɗanɗana."

Matata ta ce, "Kai da zabibi ke tayar wa ciki?"

Na ce, "Tofarwa zan yi."

Hajiya ta miƙo ludayi. Na ce a'a, a ba ni kofin shayi na gilashi, da farin faranti. Ban yi niyyar neman waɗannan ba, bakina ne ya faɗa da kansa. Aka ba ni. Na zuba kaɗan, na karkata kofin a kan farantin ta wajen hasken taga. Launin ya yi duhu kamar zoɓon da ya kwana, gefensa ja mai haske, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa a jere ba tare da an girgiza ba. Na juya kofin a hankali na sa hanci. Zabibi ne a sama, sai kirfa, a ƙarƙashinsu kuma wani ɗumi kamar na ƙullin da ya tashi ya wuce lokaci. Ina ɗagowa na ga matata ta bar fasa ƙanƙara tana kallon hannuna, yadda na riƙe kofin ta ƙasa da yatsu uku. Ba ta taɓa ganina na riƙe kofi haka ba, ni ma na manta na iya.

Hanci ya gama gaya mini, amma ina so in ba kaina dama ta ƙarshe, ko Allah zai sa tsami ne kawai. Na yi bisimilla a zuci, sai na rasa ko ya halatta a yi bisimilla a kan wannan. Na kurɓa.

Zaƙin ya zo ya wuce da wuri, bai kai na sukarin da na san Hajiya tana zubawa ba. Gefen harshena ya ɗauki tsatsa. Na jira, kamar yadda aka koya mini, sai ga shi ya iso, ɗumin nan ya hau ganɗa ya bi ta bayan hanci, dasashina ya ɗaure. Ba ta yi ƙarfi ba. Sabuwa ce fil, kwananta bai fi biyu da juyawa ba. Kuma abin da har yau nake jin kunyarsa, wani sashe na kaina ya tsaya yana yaba ta, yana cewa zabibin nan mai kyau ne, in aka bar ta ta kwanta za ta yi kyau ƙwarai. Maƙogwarona ya buɗe da kansa yana jira. Shekara goma sha bakwai na asuba da ɗawafi, ga shi duk sun taru a kan abin da bai cika cokali ba. Na ruga wurin wanke-wanke na tofar, na kurkure baki, na sake kurkurewa, na yi ta yi har Hajiya ta ce, "Halas, ya isa, Malam, za ka haɗiye ruwa ka karya azuminka."

Na juyo. Ta ce, "To?"

"Hajiya, ta juya."

"Tsami kake nufi? Tsami ai ba haram ba ne, sukari zai gyara."

"Ba tsami ba ne. Sukari ma ƙara mata ƙarfi zai yi, kafin magariba ta fi haka. Sukari nawa kika zuba da farko, kin ji zaƙinsa yanzu?"

Ta sake taɓawa da harshe. "Ya ragu. Ina ya tafi?"

"Shi ne ya zama abin. Hajiya, wannan giya ce. Ba ta yi ƙarfi ba tukuna, amma giya ce."

Matata ta ce, "A'uzu billahi! Abban yara, ka san abin da kake faɗa kuwa? A gidan Ummi?"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Shekara talatin ina wannan sana'a, uwata ma ita ta yi. Mutumin da bai taɓa shan sobiyata ba zai shigo kicin ɗina yau ya ce mini giya na dafa wa masu azumi. Mota tana hanya, mutum ya tara 'yan uwansa. Ba zan zubar da durom a kan zato ba. Kai ina ka san giya?"

Na duba ƙasa. Tayil ɗin kicin ɗin fari ne da ɗigon shuɗi, ɗaya ya tsage a kusa da ƙafar murhu. Ina iya cewa a littafi na karanta, ko wani abokina ne ya ba ni labari, amma na san ba za ta zubar a kan labarin aboki ba, kuma tana da gaskiya. Abu ɗaya ne kaɗai zai sa ta yarda.

Na ce, "Na sha ta, Hajiya. Shekara bakwai ina sha, a Jos, kafin in zo. Aikina ne ma a ɗanɗana a faɗi mai kyau da marar kyau. Ban taɓa gaya muku ba."

Ƙanƙarar da ke hannun matata ta faɗi ta tarwatse. Ba ta sunkuya ta ɗauka ba. Na jira a yi salati, a yi kuka, a ce in fita daga gidan. Na riga na fara tunanin inda zan kwana, da yadda zan riƙa ganin 'ya'yana. Hajiya ta daɗe tana kallon durom ɗin, ba ni ba. Sannan ta ce wa 'yarta ta rufe taga ta kunna famfon banɗaki, ta ce mini in ɗauka. Muka zubar da shi kaɗan kaɗan, ruwa yana bi, matata tana watsa sabulun wanke ƙasa don kashe warin. Hajiya ta sa aka wanke durom ɗin sau uku, daga baya ta ce a fitar da shi ma gaba ɗaya. Ta aika aka sayo lemon tsami da na'ana'a, suka haɗa abin da za a kai wa mutumin, ta kira shi da kanta ta ce sobiya ta lalace, ya yi haƙuri. Ina ta ɗauko wannan ina miƙa wancan, ina satar kallon fuskar matata, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Da motar ta tafi, saura kamar awa ɗaya a sha ruwa, Hajiya ta zauna a kan kujerar roba a kicin ta ce in zauna. Na durƙusa a bakin ƙofa. Matata tana tsaye a jikin firizar da ta mutu. Na shirya jin hukuncina.

Ta ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kana da azumi a bakinka. Shekara goma sha ɗaya kana sauko mini da leda. Hancin nan naka yana tare da kai duk tsawon lokacin. Ta taɓa yin haka ka ji?"

Ban zaci wannan ba. Duk shekarun da na yi ina tsoron ranar tonon asirina, tambayoyin da na tanadar wa amsa daban ne: me ya sa ka sha, me ya sa ka ɓoye, ka daina da gaske. Wannan kuwa ban taɓa yarda na yi wa kaina ita ba. Amma amsar tana nan a ajiye, ban ko yi lalube ba.

Na ce, "Sau biyu."

"Yaushe?"

"Shekarar da aka haifi babbar 'yarmu, wadda aka kai wa wani mai shago a Ka'akiyya. Sai bara waccan, wadda aka kai gidan maƙwabciyarki ranar da mata suka yi saukar Alƙur'ani. Ba su kai ta yau ba. Na ji ta bakin leda, na ce wa kaina hancina ne."

"Ka ce wa kanka."

"Na ji tsoro, Hajiya."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko ranar da ƙaninta ya rasu. Kukan ma ba mai sauti ba ne, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Da ta sauke mayafin ta ce, "Abin da ka sha a Jos tsakaninka da Ubangijinka ne, ni ban san ka ba a lokacin, ban kuma tambaye ka ba da na ba ka 'yata. Amma waɗannan biyun da hannuna na zuba wa mutane. Matan nan da Alƙur'ani a cinyarsu na bi su ɗaya ɗaya ina cewa su ƙara. Kai kuwa ka ji warin, ka bar ni."

Aka kira salla. Matata ta ajiye mini dabino da ruwa a inda ta saba ajiyewa, ta koma wajen uwarta ta sha ruwa a can.

Washegari da hantsi ina zaune a ɗaki, ban fita aiki ba, sai na ji sandar Hajiya a matakala. Ta sa baƙar abayarta ta fita unguwa. Ta tsaya a ƙofarmu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in sa takalmina. Na tambaye ta ina za mu. Ta ce gidan maƙwabciya tukuna, in rana ta yi sanyi kuma mu hau mota zuwa Ka'akiyya, za ta nemi gafarar waɗanda ta shayar.

Na ce, "Hajiya, ba su sani ba fa. Ba wanda ya bugu, ba wanda ya yi ƙorafi. In muka yi shiru shi ke nan."

Ta ce, "Na sani. Haka ka yi."

Tana gaba ina biye, tana dogara sanda saboda gwiwa, gidan da bai fi taku arba'in ba muka yi kamar ba za mu kai ba. Maƙwabciyar nan ita ce ta yi wa matata wankan jego, mijinta kuma sahu ɗaya muke tsayawa da shi kullum da asuba. Hajiya ta ƙwanƙwasa ta yi sallama. Aka buɗe, matar ta fito da fara'arta tana marhaba, mijin yana bayanta da carbi a hannu. Hajiya ta amsa gaisuwa a taƙaice, sannan ta matsa gefe guda ta bar ni a tsaye a tsakiyar ƙofar.

Ta ce, "Ni ban san abin ba, ban iya bayaninsa ba. Malam, gaya musu abin da suka sha, da yadda aka yi ka sani."